Notunan Jirgi a Kwarin Gidigir

Gure, watan Nuwamba

Zuwa ga ƴata Balkisa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kin fara sabawa da Yamai. Mu nan lafiya lau. Ƙafar innarki Nene ta yi sauƙi, har ta je suna da kanta. Babanki yana rumfarsa, injinan ban ruwa sun yi masa yawa tunda aka shiga aikin rani a kwari.

Bari in fara da abin da ya cika gari. Kowa a Gure ya ɗauka tuƙin jirgi kika tafi koyo. Jiya mai shayin tasha ya ce in gaya miki, idan kin zo wucewa ta saman gari ki rage gudu ya ɗaga miki hannu. Na ce masa Balkisa ba sama za ta hau ba, ƙarƙashin jirgi za ta shiga da fitila da kile na kwance noti. Sai ya ce, "To ashe garaji ne. Me ya kai ta Yamai, ga na ubanta?" Kuskure biyu ke nan, kuma na biyun ya fi wuyar gyara, don yana kama da gaskiya.

Jirgi ba ya tashi sai wani da ke ƙasa ya duba shi, ya sa hannu cewa lafiyarsa lau. Matuƙi da fasinja duk a kan wannan sa hannun suke zaune. Wurin da kike nema ke nan, kuma hanyar tana da tsawo: aji, sannan sitaj, wato koyon aiki da hannu a rumfar gyara, sannan shekaru kina aiki wani yana sa hannu a kan aikinki, kafin a yarda da naki. Ki dage da Ingilishi, don littattafan gyaran da shi aka rubuta su.

Babanki Buraima gwani ne, ko da yake ba zan faɗa a gabansa ba. Na ga ya tayar da injin da kowa ya haƙura da shi, da gwangwanin madara da tsinken roba. Amma idan dabararsa ta gaza, mota ce za ta tsaya a hanyar Gamu, a sauka a nemi inuwa a jira. Jirgi ba shi da gefen hanya. Hannunki a wurinsa kika gada, ki riƙe shi da kyau. Dabarar kuwa ki cire ta a ƙofar rumfa, yadda kike cire takalmi.

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Tunda na bar gyaran jirage na dawo gida ina koyar da sana'a, in ban ga magana a takarda ba sai in ji kamar ban faɗa ba. Direban kar, babbar motar fasinja, zai kawo miki wannan tare da cuku da dabino.

Kawunki,
Tahiru

Yamai, watan Janairu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai mura da ta wuce. A gaida Inna da Baba da matarka Tanti Mariyama. Cukun bai kwana biyu ba, Jannat abokiyar ɗakina ta taya ni.

Mun fara sitaj. Ni da Jannat aka tura mu wani ƙaramin kamfani mai gyaran ƙananan jirage. Shugaban rumfar sunansa Shef Alhasan, ba ya faɗa, ba ya kuma dariya. Ranar farko ya nuna mana allon kayan aiki, kowane kile da hotonsa a zane a bayansa. Ya ce idan yamma ta yi aka ga hoto babu kile, ba mai tafiya gida kuma ba jirgin da zai fita. Na tuna Baba yana neman kile mai lamba goma a ƙarƙashin tabarmar salla, na danne dariya.

A sashen ƙafafu aka sa ni. Ban taɓa sanin ƙafar jirgi ɓari biyu ce ba, notuna ne ke haɗa su. A nan bulon suke cewa. Idan an kwance, sai a kai notunan wani ɗaki mai duhu, a zuba musu wani ruwa, a haska su da fitila mai shuɗin haske. Wanda ya tsage sai tsagar ta fito kamar zaren gashi. Ɗaurewa kuma da kile mai awo ake yi, yana yin ƙas ka tsaya. Na ƙara ɗan ja sau ɗaya don in tabbatar, Shef ya ce, "Madmazel, wa ya aike ki?" Ya sa na kwance duka.

Ka ce in bar dabara a ƙofa, na bari. Abin da idona bai saba da shi ba shi ne yadda ake zubar da abu mai kyau a nan.

Ƙullin da ke tare da wasiƙar nan na Baba ne. Ƴan ƙarafa ne da ba a buƙata. Kada ka buɗe, Kawu, na san halinka, ka ba shi ya buɗe da kansa.

Ƴarka,
Balkisa

Gure, watan Fabrairu

Balkisa,

Muna lafiya. Na ga abin da kika aiko wa babanki. Kada ki ƙara aiko komai daga wurin aiki, ko da tsumma ne. Ki rubuto mini daga ina kika ɗauke su, kuma wa ya sani. Kar tana shirin tashi, shi ya sa na taƙaita.

Tahiru

Gure, watan Maris

Ƴata Balkisa,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, zafi ya fara shigowa. Innarki tana tambayar ko kina cin abinci.

Ba amsa, kuma innarki ta ce ko a waya gaisuwa kawai kike yi ki kashe. Na sake tuna abin da na rubuta, na ga a tsaye na rubuta shi, ya fito kamar tsawa. Bari in zauna in yi bayani.

Ranar da na kai ƙullin ban tsaya ba. Da na koma rumfar bayan kwanaki sai na tarar da babanki ya ɗaga wani abu a rana, mutane sun kewaye shi. Yana ganina ya kira ni Malam Jirgi da Faransancinsa, ya ce, "Mushe Jirgi, zo ka ga ƙarfe! Ka ƙare ƙuruciyarka a Yamai ko ƙusa ba ka kawo mini ba. Ƴata daga zuwa ta aiko." Na karɓa na juya. Na ga lambar da aka buga a kansa, na ga irin zarensa. Notin ƙafar jirgi ne. Ya ce goma sha huɗu ne, kowanne da abin ɗaurinsa.

Bai sayar da ko ɗaya ba, kin san shi. Kyauta ya yi da su ga mutanen da yake ganin girmansu. Yawancinsu suna ɗaure a gindin injinan ban ruwa a kwarin Gidigir. Ɗaya yana injin niƙa a Gamu. Biyu suna amalanken Illa, wancan makiyayin na Bune. Duk wanda ya samu yana cewa ƙarfen jirgi ne, ƴar Buraima ta aiko.

Idan a nan za su tsufa, da ban damu sosai ba. Amma Ɗan Talata, mai tara tsofaffin kayan inji yana kaiwa kudu, ya zo rumfar sau biyu yana tambaya. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, ya ji an ce jirgi. Daga hannunsa sai wani hannun, daga can sai wani. A hanya wani zai wanke notin ya sa shi a leda mai tsabta, wani ya nema masa takarda. Noti da aka yanke wa hukunci ba ya nuna komai a ido, yana sheƙi kamar sabo. Wata rana sai ya koma ƙafar jirgi a wata ƙasa, a hannun makanike irinki da ya yarda da abin da aka ba shi. Shi ya sa ake sa musu jan kati, a kulle su a keji, a yanka su gunduwa-gunduwa kafin su bar rumfa. Ba ɓarna ba ce, hanyar dawowa ake toshewa.

Na tabbata an faɗa muku wannan a aji. Na kuma san abin da aka ji a aji daban, abin da hannu ya saba tun yana ƙarami daban. Ki rubuto. Ban gaya wa babanki komai ba tukuna.

Kawunki,
Tahiru

Yamai, watan Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, ka gaya wa Inna ina cin abinci.

Gajeruwar wasiƙar nan taka ta Fabrairu na karanta ta ya fi a ƙirga. Da ka ce ko da tsumma ne, na ɗauka Baba ne ya raina abin, ya ce tarkace na aiko masa. Daga baya na ce a'a, Kawu ne ya ɗauke ni ɓarauniya. Duk biyun sun hana ni ɗaukar biro.

Ga yadda aka yi. An canza notunan wata ƙafa gaba ɗaya, don an samu tsaga a biyu daga ciki. Biyun aka riƙe don a nuna wa ɗalibai. Sauran aka zuba a roba aka ce in kai keji, mai yankan ba ya nan sai sati mai zuwa. Na tsaya a ƙofar kejin ina kallonsu. Ba a ga komai a jikinsu ba, Kawu, ko a ɗakin duhun. Sai na tuna gwangwanin Baba da yake tara lanƙwasassun ƙusoshi yana miƙe su da guduma. Na tuna ranar da ya yi rabin wuni yana goge noti ɗaya da ya ci tsatsa. Ban ji kamar sata nake ba. Ji na yi kamar na tsinci abinci za a zubar.

Ba wanda ya sani sai Jannat. Kejin cike yake, an yanka abin da ke ciki, an kwashe. Ba wanda ya tambaya.

A watan Yuni Shef zai sa hannu a kan sitaj ɗinmu, in babu wannan ba a shiga shekara ta gaba. Idan na yi shiru zan samu. Idan na yi magana ban san abin da zai faru ba, an ce ya taɓa sallamar wani a kan abin da bai kai wannan ba. Jannat ta ce in ɗinke bakina.

Kawu, ba za ka iya tattara su ka jefa a tsohuwar rijiya ba? Ƙarfen ya ɓace, Ɗan Talata bai samu ba, ba wanda ya cutu. Ka san yadda aka yi na samu wurin nan, mu nawa muka zauna konkur, jarrabawar shiga.

Balkisa

Gure, watan Afrilu

Ƴata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Babanki bai raina komai ba, da kin ga fuskarsa da ba ki yi wannan tunanin ba. Ni kuma ban kira ki ɓarauniya ba.

Shawarar rijiya ba ta banza ba ce. Za ta yi maganin ƙarfen. Ke ce ban ga yadda za ta yi wa magani ba.

Nan gaba za ki yi aiki a wuraren da ke kaɗai ce ke gani. Wata rana ɗan ƙaramin abu zai suɓuce daga yatsunki ya faɗa cikin inji, kina jin ƙararsa, ba kowa kusa, ga matuƙi yana duba agogo. Wata rana za ki wuce awon ɗauri ki ji noti ya ɗan saki. A irin wannan lokacin ba abin da ke tsakanin fasinja da ƙasa sai ki buɗe baki ki ce na yi kuskure. Wanda ya yi shiru sau ɗaya ya tsira, na biyu ya fi masa sauƙi. Wannan shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyar da shi a allo.

Ba zan kira kowa a Yamai ba, maganar a hannunki take. Ba kuma zan ce miki ba za a sallame ki ba, don ban sani ba. In an sallame ki, ki hau kar ki dawo, mu zauna mu duba wata ƙofar tare.

Ko kin yi magana ko ba ki yi ba, ƙarafan sai sun fito daga kwari. Wannan ni da babanki ne, kuma ban san ta inda zan ɓullo masa ba. Kin san garin nan. Mutum ya je ya karɓo abin da ya bayar da hannunsa, har jikokinsa za a yi wa gori.

Tahiru

Yamai, watan Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Na faɗa wa Shef.

Na same shi da safe yana duba allon kile. Ya saurara har na gama, bai juyo ba. Ya ce, "Nawa?" Na ce goma sha huɗu. Ya ce, "Suna ina?" Na ce a Gure, a jikin injinan ban ruwa da amalanken jaki. Sai ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Wa ya kama ki?" Na ce ba kowa.

Ya ce zai sanar da na sama da shi da makaranta, don ba a ɓoye irin wannan. Ya ce yana son goma sha huɗun a kan teburinsa kafin watan Mayu ya ƙare. In sun cika, zai tsaya mini a duba maganata. In ɗaya ya rage, ba shi da bakin magana. Kafin nan ba ni taɓa jirgi. Yanzu tsintsiya ce a hannuna, da bokitin wanke ƙasa.

Ka gaya wa Baba ni ce na jawo, ya yafe mini kunyar da zai sha.

Balkisa

Gure, watan Mayu

Ƴata Balkisa,

Assalamu alaikum. Lafiya lau, sai gajiyar hanya da ta sauka mini a baya. Ƙullin da ke tare da wannan takarda ki kai wa Shef Alhasan yadda yake.

Da na gaya wa babanki, cewa ya yi, "Ni Buraima in shiga gonar mutum in ce ba ni abin da na ba ka? A gaban ƴaƴansa? Ku da jiragenku ba ku da kunya, mu muna da ita." Ya ce ƙarfen lafiyarsa lau, ya buga shi ya ji ƙararsa, duk sharrin masu takarda ne. Mun sha fama. Daga ƙarshe ya tashi ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya ce in hau bayan moto, wato babur ɗinsa, kuma kada in buɗe baki a gaban mutane.

Ya samo hanyarsa. Duk kwarin da muka sauka, sai ya ce zagayen duba inji ya fito. Ya wanke, ya canza mai, ya gyara abin da ba a ma kira shi a kai ba. Sai ya zo gindin injin ya ce, "Wannan ƙarfen gwamnatin jirgi tana neman abinta," ya kwance ya sa na kasuwa. Wasu sun yi dariya. Wani dattijo a Gidigir bai yi ba. Ya ce, "Buraima, da ka ce aro ne da ban gode maka a masallaci ba." Babanki ya ci gaba da ɗauri, kansa a ƙasa.

Illa ne ya sauƙaƙa mana a Bune. Ya ce, "Ɗauki abinka. Tunda na sa ƙarfen jirgi nake jiran jakin nan ya ƙara sauri, ko kunne bai ɗaga ba." Ya ba mu nono muka sha.

A Gamu mai niƙa ya ce nasa ya riga ya ba Ɗan Talata. Muka juyo, muka same shi a tasha ana ɗora masa buhuna. Ya zazzage buhu guda kafin ya fito da shi. Ya riga ya wanke shi da esansi, wato fetur, ya naɗe a farar leda. Da a kanti na gan shi, da na rantse sabo ne. Bai yi gardama ba, ya dai ce wa babanki, "Gobe in ka ba ni ruwa zan tambaya ko za ka dawo ka karɓa."

Da muka zube su a kan tabarma a gida, goma sha uku ne. Na sake ƙirgawa. Babanki ya ce ɗaya ya faɗi a yashi tun tuni, a rubuta wa shef ɗin ya yi haƙuri. Na ce masa shef ya ce in ɗaya ya rage ba shi da bakin magana. Ya ce to shi ma ba shi da bakin da zai yi wa yashi magana.

Innarki tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yashin da ke aljihun rigarka ta Juma'a?"

Sai babanki ya ce, "Shi ne abu na farko da yarinyar nan ta aiko mini daga aikinta. Ba inji zan sa wa ba, ba kowa zan ba ba. Wa zai cutu?" Na ce ba kowa, muddin yana raye yana kuma sane da inda yake. Innarki ta ce, "Ita ce za ta cutu, tana can tana shara."

Ya shiga ɗaki ya fito da shi. Bai ba ni ba. Ya wuce rumfa, na bi shi. Ya matse notin, ya ɗauko zarto. Ƙarfen yana da tauri, sai da ya cinye haƙoran zarto biyu, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Na san Buraima tun kafin ya auri yayata, ban taɓa ganin ya lalata abu mai kyau da gangan ba. Da ya rabu biyu, ya miƙo mini ɓarin da ke da lamba, ya mayar da ɗaya ɓarin aljihu. Ya ce, "Ka gaya wa shef ɗinta, wannan guntun ko amalanke ba zai riƙe ba. In yana so ya zo Gure ya karɓa."

Saboda haka goma sha uku da rabi ne a ƙullin. Ki faɗa masa gaskiyar inda rabin yake.

Kawunki,
Tahiru

Yamai, watan Yuni

Kawu,

Gaisuwa gare ka da Tanti da Inna. Baba kuwa na kira shi, mun yi maganar zafi da farashin albasa, ba mu taɓa ɗaya maganar ba.

Shef ya jera su a tebur, ya duba lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki rabin ya juya, na gaya masa inda ɗan'uwansa yake. Ya ce, "Da zarton hannu aka yi wannan?" Na ce e. Ya ce, "Yankan ya miƙe." Ya sa shi cikin sauran.

Ba a sallame ni ba, amma ba a sa mini hannu ba. Zan maimaita sitaj tare da masu zuwa a bayanmu. Jannat za ta wuce ta bar ni. Na yi kuka a bayan rumfa, na wanke fuska na dawo. Da kaina na yanka goma sha ukun da injin yankan ƙarfe, Shef yana tsaye.

Ya kuma ce idan sababbin sun zo, ni zan kai su keji in yi musu bayani. Ban san me zan ce ba, don ni ma an faɗa mini a aji kuma bai shiga ba. Kawu, me ka gaya wa Baba har ya ɗauki jakarsa?

Balkisa

Gure, watan Yuli

Ƴata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an samu ruwa, mutanen Gamu sun yi shuka. Jinkirin da aka yi miki yana da ciwo, ba zan ce miki ba komai ba ne. Amma kina cikin rumfa, kuma shef ɗinki ya san irin wadda yake koya wa aiki.

Duk abin da na gaya wa babanki bai shiga ba. Da na gaji da magana, na tsinci wayar ƙarfe a ƙasan rumfarsa na yanka gida biyu daidai. Na juya masa baya, na lanƙwasa ɗaya gaba da baya har na ji ta kusa karyewa, sannan na miƙe ta sarai na goge ta da hannun riga. Na ajiye su gefe da gefe na ce ya zaɓi wadda zai rataya guga da ita. Ya ce, "Ni za ka koya wa waya?" Ya ɗaga su a rana, ya shafa, ya buga su a dutse ya kai kunne. Ya daɗe. Sai ya ce, "Ba a ganewa sai an ja." Na ce a ƙafar jirgi, ranar da za a ja akwai mutane a ciki. Bai zaɓa ba. Jakarsa ya ɗauka.

Guntun yana nan a aljihunsa. Mai shayin tasha har yanzu yana jiran ki wuce ta sama.

Kafin sababbin su zo, ki nemi waya ki gwada ke kaɗai, don yatsunki su san inda ake tsayawa. Ta farko za ta karye miki, ki yanko wata. Idan kin iya, ki ajiye musu biyun a ƙofar kejin, kada ki yi bayani, ki ce kowa ya zaɓa.

Kawunki,
Tahiru